Yadda Ake Taƙaita Bincike Cikin Kundi Ɗaya a Manhajar Ajiye Rubutu

Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku yana tara rubuce-rubuce a manhajar ajiye bayanai ya san wannan ciwon kan. Rasit ɗaya tak kake nema, na gyaran kwamfutar ofis. Ka rubuta "rasit" a gurbin bincike, sai manhaja ta zubo maka duk inda kalmar ta taɓa fitowa: na kuɗin makaranta, na wutar lantarki, har da wani tsohon rubutu da ka yi don tuna wa kanka ka karɓo rasit. Abin da kake nema yana nan ciki, amma ya zama allura cikin ruwa. Alhali kuwa kai ka san kundin da ka ajiye shi. Manhajar ce ba ka gaya wa ba.

Mutane da yawa idan haka ta faru sai su shiga canza kalma, su ƙara wannan su rage waccan. A ganina wahalar banza ce. Wuri ake fara faɗa wa manhaja, sannan kalma. Idan ka ce mata "cikin kundin Aiki kaɗai", ko kalmar da ka ba ta ba ta da kyau sosai, sakamakon zai zo kaɗan, wanda ido zai iya bi cikin daƙiƙa biyar.

Abin da waɗannan manhajoji ke kira notebook, kundi zan riƙa ce masa a nan. Kowace takarda guda da ke cikinsa kuma, rubutu.

Fara sanin yadda manhajarka ke jera kaya

Kafin ka taɓa gurbin bincike, ka san irin ɗakin ajiyar da kake ciki, domin ba tsari ɗaya suke bi ba. A Evernote, kowane rubutu yana zaune a kundi ɗaya, kuma ba a saka kundi cikin kundi. Iyakaci a tara kundaye da yawa a dami guda, wanda suke kira stack. A Joplin kana iya saka kundi cikin kundi, shi ma ka saka wani a cikinsa, yadda ka ga dama. OneNote na Microsoft, wanda ya fito tun 2003, hawa-hawa ne: kundi, sai rukunin sassa idan ka so, sai sashe, sai shafi. Obsidian ba ya amfani da kalmar kundi ma sam. Folda ce irin ta kwamfuta, rubuce-rubucen kuma fayiloli ne a cikinta. Google Keep kuwa ba shi da kundi ko folda, laƙabi kawai ake manna wa rubutu.

Wannan bambancin shi zai nuna maka abin da "kundi ɗaya" ke nufi a wurinka. Mai Joplin da ya ce a duba kundin Aiki, za a duba masa har ƙananan kundayen da ke ƙarƙashinsa. Mai Evernote da ya ce haka, kundin nan kaɗai za a duba.

Mataki na biyu ɗan ƙarami ne, amma a nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe: je ka dubi sunan kundin da idonka, yadda yake a rubuce. Kada ka dogara da abin da ke kanka. "Taron Ofis" ne ko "Tarukan Ofis"? "Kuɗi" ka rubuta da ɗ mai lanƙwasa, ko "Kudi"? Akwai tazara a tsakiya ko karan ɗori? Za mu dawo kan wannan, domin mu masu rubutu da Hausa muna da tamu matsalar ta daban.

Hanya biyu ce ake bi a kusan kowace manhaja. Ko ka danna ka zaɓi kundin daga jeri, ko ka rubuta umarni a gurbin binciken da kanka. Ta farko ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ta biyu ta fi ƙarko, saboda kamfanoni na yawan sauya wa maɓallai wuri duk lokacin da suka sabunta manhaja, amma umarnin rubutu yakan daɗe bai canza ba. Ni ta biyun na fi so, kuma ita zan fi ba ƙarfi inda take akwai.

A Evernote

Buɗe gurbin bincike. Rubuta kalmar notebook, ka sa ruwa biyu, ka liƙa sunan kundin ba tare da tazara ba. Sannan ka ba da tazara ɗaya, ka rubuta abin da kake nema:

notebook:Aiki rasit

Shi ke nan. Duk rubutun da ba ya cikin kundin Aiki ba zai fito ba. Babban harafi ko ƙarami a sunan kundin ba ya hana komai.

Idan sunan kalma biyu ne ko fiye, dole ka rufe shi da alamar zance:

notebook:"Taron Ofis" kasafi

In ka manta da alamar, manhajar za ta ɗauka sunan kundin "Taron" ne kawai, "Ofis" kuma kalma ce da kake nema. Tunda ba ka da kundi mai suna Taron, sai ka ga wayam, ka fara zargin rubutunka ya ɓata.

Ƙa'idar binciken Evernote ta tanadi abu biyu game da wannan umarni. Na ɗaya, shi ake sawa a farkon layi, kafin komai. Na biyu, kundi ɗaya ake ambata a bincike guda, kuma dalilin a bayyane yake: rubutu ɗaya ba ya zama a kundi biyu a lokaci guda, don haka neman abin da ke cikin wannan kuma yake cikin wancan neman abin da babu ne. Idan kana son duba kundaye uku ko huɗu tare, haɗa su a dami ɗaya, ka kira damin:

stack:Makaranta jarrabawa

Wanda ba ya son rubuta umarni, bayan ya yi bincikensa sai ya duba maɓallin tacewa da ke saman jerin sakamako, ya zaɓi Located in, ya nuna kundin. Sakamakon ɗaya ne.

Wani abu da ya kamata masu amfani da shi kyauta su sani: tun Disambar 2023, bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye Evernote, an taƙaita asusun kyauta zuwa rubutu 50 da kundi ɗaya. Wanda ya riga ya tara kundaye kafin lokacin yana iya dubawa da bincika abinsa, sabon ƙari ne aka toshe. Sabon shiga da bai biya ba kuwa, kundinsa ɗaya ne dama, babu abin da zai taƙaita. Tag, wato laƙabin da ake manna wa rubutu, shi ne zai raba masa kaya.

A Joplin

Joplin manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya ganin lambobin da aka gina ta da su, Laurent Cozic ne ya fara ta. Masu barin Evernote da yawa nan suke komawa, kuma umarnin binciken ya yi kama sosai. A kwamfuta, danna F6 ka faɗa gurbin binciken duk rubuce-rubuce. Kada ka rikita shi da Ctrl+F, wanda ke duba cikin rubutun da ke buɗe a gabanka kawai.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne, ko da ka danna kundi a gefen hagu ka shiga cikinsa, da zarar ka rubuta kalma a gurbin binciken, ko'ina zai duba. Shiga kundi ba ya nufin an tsare bincike a cikinsa. Sai ka faɗa da bakinka:

notebook:Karatu lissafi

Wannan zai duba kundin Karatu da duk 'ya'yansa. Suna mai tazara, alamar zance kamar dai a Evernote.

Inda Joplin ya fi sakin hannu shi ne wurare uku. Kana iya ambaton kundi biyu a layi ɗaya, ya fahimci cewa ko wannan ko wancan kake nufi:

notebook:Aiki notebook:Gida inshora

Kana iya cire kundi ta hanyar sa karan ɗori a gaban umarnin. Wannan ya fi amfani ga wanda ke da rumbun tsofaffin kaya da ke cika masa sakamako:

inshora -notebook:Tsofaffi

Haka ma idan kana son uwar kundin amma ban da ɗaya daga cikin 'ya'yanta, sai ka haɗa biyun: ka kira uwar, ka cire ɗan.

Na uku, alamar tauraro. Idan kana da kundaye masu suna Taro2022, Taro2023 da Taro2024, ba sai ka jero su ba:

notebook:Taro* kasafi

Sai dai ka lura da wani tarko. Joplin yana barin kundaye biyu su ɗauki suna ɗaya idan iyayensu daban ne. Ka ce kana da "Rasit" a ƙarƙashin Aiki, kana da wani "Rasit" a ƙarƙashin Gida. Umarnin suna yake bi, don haka dukansu zai kawo maka. Maganin ba a bincike yake ba, a suna yake: mai da su "Rasit-Aiki" da "Rasit-Gida", ka huta.

Idan kuma ba kalma kake nema ba, kundin kansa kake son tsallakawa ciki da sauri, danna Ctrl+P, ka rubuta alamar @ da farkon sunansa.

A OneNote

Nan babu umarnin rubutawa, zaɓi ake yi. A manhajar kwamfuta ta Windows, Ctrl+E yana buɗe binciken da ya game duk kundayen da ke buɗe, Ctrl+F kuma shafin da kake kai kaɗai. Abin da muke so yana tsakaninsu.

Da farko shiga kundin da kake son dubawa, kowane shafi ne a cikinsa. Wannan wajibi ne, domin OneNote ba ya tambayar ka wane kundi. "Wannan kundin" kawai ya sani, wato wanda kake ciki. Sai ka dubi gurbin bincike a saman dama, akwai 'yar kibiya a gefensa. Danna ta, jeri zai sauko: All Notebooks, This Notebook, This Section Group, This Section, da na neman abu a shafi. Zaɓi This Notebook, ka rubuta kalmarka. Mai son allon rubutu zalla yana iya danna Ctrl+E, sannan Tab, sannan maɓallin tazara, jerin zai buɗe.

A ƙasan jerin nan akwai Set This Scope as Default. Idan ka danna shi, daga ranar duk binciken da ka yi a kundin da kake ciki zai tsaya, sai in ka sauya da hannu. Ga wanda kusan duk aikinsa a kundi ɗaya yake, wannan alheri ne. Amma ka riƙe a ranka cewa ka yi hakan. Na taɓa tsare bincike irin haka a wata manhaja na manta, bayan watanni na shiga neman wani rubutu mai muhimmanci, na yi ta bugawa babu shi, har na fara sake rubuta shi daga abin da na tuna. Ashe yana kundin da ke kusa, ni ne na rufe wa kaina ƙofa. Tun ranar, duk binciken da ya dawo hannu rabbana, iyakar da na sa nake fara dubawa.

Abu biyu ne OneNote ba ya leƙawa. Kundin da ka rufe ba ya cikin bincike, sai ka sake buɗe shi. Sashen da ka kulle da kalmar sirri ma haka, sai ka buɗe kullen tukuna. Na farkon yana iya zama dabara: idan kana da kundayen shekarun baya da ba ka taɓawa, danna dama a kan kowanne ka zaɓi Close This Notebook. Rufewa ba gogewa ba ce, kundin yana nan a ma'ajiyarsa. Ka dai tabbatar ya gama aika sauye-sauyensa ta intanet kafin ka rufe.

Idan sakamakon ya yi yawa kuma kana son bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da jerin ya ɓace ba, danna Alt+O bayan binciken, zai kafe a gefe.

A Obsidian

Tunda folda ce a madadin kundi, umarnin ma hanyar fayil yake bi. Ctrl+Shift+F yana buɗe binciken, sai ka rubuta:

path:Aiki rasit

Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka danna dama a kan foldar a jerin gefe, ka zaɓi Search in folder. Manhajar za ta rubuta maka umarnin da kanta, kai kuma ka ƙara kalmar.

A nan sai an yi hattara, domin path ba sunan folda kaɗai yake dubawa ba. Duk hanyar yake karantawa, tun daga babbar folda har sunan fayil ɗin, kuma guntun kalma ma ya ishe shi. Ka rubuta path:Aiki, zai kawo maka foldar Aiki, ya haɗa da foldar "Aikin Gida", ya ƙara da wani fayil mai suna "Neman aiki" da ke can wata folda daban. Don ka matse shi, rufe sunan da alamar zance ka ƙara masa karkataccen layin nan da ke raba folda da abin da ke cikinta:

path:"Aiki/" rasit

Yanzu "Aikin Gida" ta fita, saboda bayan harafin i nata n ne ke biye, ba layin ba. Folda cikin folda kuma, sai ka rubuta hanyar duka, kamar path:"Aiki/2024". Folda biyu tare, ka sa OR da manyan haruffa a tsakaninsu, ka kewaye su da baka biyu kafin kalmar da kake nema. Cirewa kuwa da karan ɗori ne, -path:Tsofaffi. Idan ka rikice game da yadda manhajar ta fahimci abin da ka rubuta, a saitin gurbin binciken akwai maɓallin da ke sa ta bayyana maka shi dalla-dalla. Kunna shi ranar farko, zai koya maka fiye da kowane bayani.

Google Keep da Apple Notes, a taƙaice

A Keep, taɓa gurbin bincike kafin ka rubuta komai, zai nuna maka laƙubban da ka ƙirƙira. Zaɓi ɗaya, sannan ka rubuta kalmar. Wanda bai taɓa manna wa rubutunsa laƙabi ba, babu abin da zai zaɓa, sai ya fara daga can.

A Apple Notes, abin da ya fi kusa da wannan shi ne Smart Folder: folda ce da ke tara rubutu da kanta bisa sharuɗɗan da ka gindaya, kuma tun iOS 16, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, ana iya sa folda cikin sharuɗɗan, a haɗa ta da tag ko kwanan wata. Rubutun da ka kulle, takensa kawai bincike ke gani, ba cikinsa ba.

Matse shi ƙari, bayan ka tsare kundin

Wani kundin shi kansa gari guda ne. Idan ka tsare bincike a ciki amma har yanzu sakamako ya haura hamsin, ƙara sharaɗi ɗaya, ba uku ba. Ɗaya bayan ɗaya ake ƙarawa, ana duba abin da ya rage, don in ya koma babu komai ka san wanne ne ya kashe shi.

Wanda ya fi saurin rage kaya shi ne neman kalmar a cikin taken rubutu kawai. A Evernote intitle: ne, a Joplin title:, a Obsidian file:. Misali:

notebook:Aiki intitle:rasit

Sai kwanan wata. Evernote da Joplin duka suna karɓar shekara, wata da rana a haɗe, lamba takwas. Umarnin created:20240301 yana nufin abin da aka rubuta daga 1 ga Maris 2024 zuwa yau. Ka sa masa karan ɗori a gaba, ya koma abin da aka rubuta kafin ranar. Haɗa biyun sai su ba ka tsakani:

notebook:Aiki created:20240301 -created:20240401 rasit

Wannan watan Maris ne cif. In kuma abin na kwanan nan ne, created:day-7 ya wadatar, wato kwana bakwai da suka wuce. Tag ma haka ake liƙa shi, tag:gaggawa.

Akwai kuma batun yadda kalmominmu ke sauya wutsiya. Ka rubuta "rasit" a wani wuri, "rasitin" a wani, "rasitai" a wani. Manhajojin nan ba su san nahawun Hausa ba, ba za su gane cewa asalinsu ɗaya ba. A Evernote da Joplin, yanke kalmar ka sa tauraro a ƙarshe, rasi*, duk su fito. A ƙarshen kalma tauraron ke aiki, shi ya sa kalmomin da ke sauyawa tun daga farko, irin su "karatu" da "makaranta", sai dai ka neme su daban-daban. Obsidian kuwa guntun kalma yake bi dama, ko a tsakiya take, don haka ba ya buƙatar tauraron. Kuma ka ga amfanin tsare kundi a nan: rasi* a duk ma'ajiyarka zai kwaso tarkace, amma a kundi ɗaya ba zai wuce abin da za ka iya dubawa ba.

Idan aka ce babu, alhali ka san akwai

Kada ka firgita, bi su a jere. Fara cire kalmar ka bar umarnin kundin shi kaɗai. Idan duk rubuce-rubucen kundin suka fito, umarnin lafiya lau yake, kalmar ce matsala. Idan babu abin da ya fito, sunan kundin ne ka kuskure, ko ka sa tazara bayan ruwa biyun, ko ka manta alamar zance.

Alamar zancen ma iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya wadda wayoyi da manhajojin rubutu ke mayar da ita da kansu don ado. A iPhone saitin Smart Punctuation ne ke yin haka. Miƙaƙƙiyar ita ce ta umarni. Idan ka kwafo umarni daga wata takarda ya ƙi aiki, goge alamomin ka sake buga su da hannu. A waya, danne maɓallin alamar ka riƙe, zaɓuɓɓuka za su fito, ka ɗauki miƙaƙƙiyar.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta, ƙ da k haruffa biyu ne daban, kowanne da lambarsa, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Wata manhajar tana daidaita su wajen bincike, wata ba ta yi. Gwaji na minti ɗaya zai raba gardama: buɗe sabon rubutu, ka sa kalmar "ƙofa", ka jira kaɗan, ka nemi "kofa". In ya fito, ka huta. In bai fito ba, ka san duk kalmar da ke da irin waɗannan haruffa sai ka neme ta sau biyu, musamman idan wani lokaci kana rubutu a waya mai allon Hausa, wani lokaci a kwamfutar da ba ta da shi. Kalmomi masu ɗauri irin su "'ya'ya" da "ma'aikata" su ma sukan ba da wahala, saboda injin bincike na iya ɗaukar ɗaurin a matsayin inda kalma ta ƙare. A irin wannan, nemi guntun da ba shi da ɗauri, kamar "aikata".

Saboda wannan ne nake ba da shawarar da wasu ba za su so ba: a cikin rubutu ka bi ƙa'idar Hausa yadda ya kamata, amma sunan kundi ka zaɓi kalmar da ba ta da lanƙwasa ko ɗauri tun asali. Maimakon "Kuɗaɗe", sa "Asusu". Maimakon "Ma'aikata", sa "Ofis". Kalma ɗaya, gajera, wadda ba ta zama farkon sunan wani kundin ba. In dole sai biyu, haɗa su da karan ɗori. Suna irin wannan ba ya buƙatar alamar zance, kuma kowane allo ka samu za ka iya buga shi.

Idan duk wannan lafiya, to wataƙila rubutun ba ya inda kake zato. Manhajoji da yawa suna da kundin da suke jefa sabon rubutu idan ba ka zaɓa ba, kuma abin da ka tura da sauri daga waya ko daga burauza yawanci can yake faɗawa. Cire iyakar, ka bincika ko'ina sau ɗaya, ka ga inda ya kwana, ka mayar da shi gidansa. Duba kwandon shara ma, domin bincike na yau da kullum ba ya shiga can.

Saura dalili biyu na na'ura. Rubutun da ka yi a waya bai iso kwamfuta ba tukuna, sai ka haɗa duka biyun da intanet ka bar su su daidaita. Ko kuma fihirisar ba ta kammala ba. Manhaja ba ta karanta rubuce-rubucenka ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da ka yi bincike. Tana da jerin kalmomi da ta tanada tun da wuri, kamar fihirisar bayan littafi, shi take dubawa. Idan yanzu ka shigo da dubban rubuce-rubuce daga wata manhaja, ko ka saka ta a sabuwar kwamfuta, ba ta lokaci. OneNote na kwamfuta ma da fihirisar Windows yake dogara, don haka in an kashe wannan hidimar a kwamfutar, bincikensa yakan rame. Kalmomin da ke cikin hoto kuwa, a manhajojin da ke karanta su irin Evernote da OneNote, sukan ɗauki ɗan lokaci kafin su shiga fihirisa.

Binciken da kake maimaitawa, ajiye shi

Idan ka lura layi ɗaya kake bugawa kowane mako, bai kamata ka ci gaba da buga shi ba. Evernote yana barin ka adana bincike da suna, ka kuma sa shi cikin gajerun hanyoyin gefe. A Obsidian kana iya yi wa binciken alamar shafi da Bookmarks, ko ka dasa shi cikin wani rubutu ta hanyar buɗe shingen lamba, wato code block, mai suna query ka sa umarnin a ciki. Duk lokacin da ka buɗe rubutun, sakamakon na ranar zai bayyana. Inda babu irin wannan, buɗe rubutu guda ka kira shi "Umarni", ka jera layukan da ka fi amfani da su, kowanne a layinsa, ka riƙa kwafowa. Ka dai tuna, ranar da ka sauya wa kundi suna, layukan da ke ɗauke da tsohon sunan sai ka bi su ka gyara.